Inabin Taliya

Karo na uku ke nan Lyall Zweck yana ɗaure igiyar takalminsa yana kwancewa, matarsa Glenys kuwa tana tsaye bakin tagar kicin da kofin shayi a hannu tana ƙirga masa.

"In takalmin ne ya ƙi zuwa, ka tafi da silifa," in ji ta. "Gidan Carmelo ba birnin Adelaide ba ne. Shinge kawai za ka tsallaka."

"Wa ya ce miki gidan Carmelo za ni? Shingen gonar tudu zan duba."

"Wanda ka duba jiya da shekaranjiya? To, ka gaishe min da shi."

Shekara arba'in da huɗu suna tare, bai taɓa cin ta da baki ba, don haka ya ja hularsa ya fita. Sanyin Yuli, tsakiyar hunturun ƙasar, ya mare shi a fuska. An yi yayyafi da asuba, kwarin Barossa ya jiƙe sharkaf, kurangun inabi sun zubar da ganye sun tsaya tsirara layi-layi har gindin duwatsu. Karyarsa, Biddy, ta fito daga ƙarƙashin a-kori-kura ta bi bayansa.

Abin da ya hana shi sakat gonar tudu ce, eka uku na inabin Shiraz da mahaifinsa ya dasa shekara sittin da ɗoriya da suka wuce. Da, daga nan ake samun giyar da ake ajiyewa don bikin aure da ranar baftisma. Amma bazara uku a jere ke nan zafin Janairu yana dafa 'ya'yan tun suna kan reshe. Iskar arewa za ta taso, ma'aunin zafi ya haura arba'in da biyar ya yi kwana huɗu a can, kafin ka ce me rabin gonar ya zama zabibi. Wanda ya tsira kuma zaƙi ya yi masa yawa, giyarsa ta fito da ƙarfi da ɗanɗanon ƙauri. A jikin ƙofar rumfar ajiya akwai ranakun fara tsinka da kakansa da ubansa suka riƙa rubutawa da fensir: su a ƙarshen Maris suke farawa, shi bara tun tsakiyar Fabrairu ya kammala.

A rumfar ya iske 'yarsa Tegan tana wanke gangunan katako. Shekara biyu ke nan da ya damƙa mata ragamar gonar, ko da yake har gobe in ya tashi magana sai ka ɗauka aro ya ba ta.

"Baba, ka je?"

"Yanzu fa gari ya waye."

"Jiya ma haka ka ce, har ya yi duhu." Ta kashe famfo ta share hannu a wando. "Carmelo ya ce yau yake gama datsa. Da rana zai sa inji ya niƙe rassan. In ya niƙe, babu iri sai baɗi, ni kuwa ba zan sake zuba wa tudun nan aikin shekara guda don tsuntsaye ba. Masu renon dashe sun ce irin nasu ya ƙare har shekara biyu. Mai katafila kuma na gaya maka, Litinin zai zo."

"Ke katafilar nan kamar ƙawarki ce."

"Ba ƙawata ba ce, Baba. Kai nake jira."

Zaɓi biyu ne, kuma Lyall ya san su kamar yunwar cikinsa. Ko dai katafila ta tumɓuke kurangun da saiwoyinsu a tara a ƙone, ko kuma a yi musu aure: a sare kan kowace kuranga, a dasa idon tohon wani iri mai jure zafi a jikin kututturen, saiwar tsohon ta ci gaba da shayar da sabon. Ta haka abin da ubansa ya binne a ƙasa zai rayu, ko da kan ya zama na wani. Irin da ya nuna kansa a ƙasa irin tasu kuwa, wanda ya sha zafin bazarar nan uku ko gezau, yana tsallaken shinge, a gonar Carmelo.

A nan gizo yake saƙar. Shekara goma sha biyar da suka wuce Carmelo ya tumɓuke rabin Shiraz ɗinsa ya dasa Nero, baƙin inabin tsibirin Sisili, ƙasar masu cin taliya, inda ubansa ya fito. A taron manoma na shekarar, Lyall ya miƙe gaban mutum ɗari ya ce maƙwabcinsa ya daina noman inabi ya koma noman taliya, ranar da aka ga wannan ciyawar a gonar Zweck kuwa, a kira masa likitan ƙwaƙwalwa. Aka yi ta dariya har da masu buga tebur. Sunan ya bi gonar, har direban motar makaranta ma in zai kwatanta kwanar sai ya ce wajen inabin taliya.

Kuma a kwarin nan iri tsakanin maƙwabta ba a sayensa, ba a aika yaro ya karɓo, ba a tsinta a ƙasa a wuce. Mai so ne zai taka da ƙafarsa ya roƙa da bakinsa, mai gona ya shiga gaba ya nuna masa kurangun da ya yarda da lafiyarsu, su yanka tare. Tegan ta gwada zuwa da kanta da kek a hannu. Carmelo ya cinye kek ɗin tas, sannan ya ce, "Ke 'yata ce, in idona kike so zan ba ki. Amma kurangar nan ubanki ne ya zage ta, shi zai zo ya gaishe ta."

Lyall ya tsallaka shingen da kyar, gwiwarsa tana ƙara. Ya hango Carmelo can tsakiyar layi, gajere, kakkaura, da hular ulu har kunne, almakashin datsa yana ta ƙyas-ƙyas a hannunsa. Tsumagun da ya yanke suna zube a bayansa tsakanin layuka, dogaye masu kaurin fensir, ido reras a jikin kowace.

"A'a! Wa nake gani haka?" in ji Carmelo, bai ko tsaya da yanka ba, yana tsokanarsa da asalin kakanninsa. "Ɗan Jamus da kansa a gonar taliya? Ka zo da cokali mai yatsu dai ko?"

"Karyata ce ta shigo, na biyo ta."

Carmelo ya leƙa bayansa, inda Biddy take zaune tana sosa kunne. "Lallai. Ta gudu sosai, har ta koma bayanka."

"Kai tsoho, haka ake datsa? Ka bar ido huɗu a nan. Ubana da ya gani sai ya ƙwace almakashin."

"Ubanka ai ya sha ƙwace wa ubana almakashi. Shi ya sa na sayi nawa."

Gaskiya ce: mahaifin Carmelo da ya sauka daga jirgin ruwa, a gonar Zweck ya fara aikin tsinka, yana kwana a ɗakin ajiyar taki. Su biyun tare suka tashi, tare suka saci 'ya'yan itace, tare suka sha duka, amma Lyall bai taɓa mantawa da wanda yake ɗan mai gona ba, Carmelo kuma bai taɓa mantawa da cewa bai manta ba.

"Zo ka sha gahawa," in ji Carmelo. "Ta gaske, ba ruwan wankin kwanon da kuke sha a gidanku ba."

Suka zauna a bayan motarsa. Ya zuba masa baƙar gahawa daga fulas, ya yanka burodi da cuku, ya tura masa gwangwanin zaitun. Lyall ya kurɓa ya yamutsa fuska kamar yadda ya saba, ya kuma miƙa kofin a ƙara.

"Yaya gonar tudu?" Carmelo ya tambaya yana kallon sama.

"Lafiya ƙalau."

"Madalla. Na ji an ce bana ka shiga sana'ar zabibi. Na ce wa mutane ku bar shi, Lyall da ma mai son sabon abu ne."

"Shekara ce ta zo da haka. Baɗi za ta gyaru."

"Haka ka ce bara."

"To bana ma na faɗa."

Sau biyu maganar tana hawowa har maƙogwaronsa. Ya ce, "Carmelo, da ma..." Carmelo ya juyo da kunnen da yake sa na'urar ji, ya ɗaga gira yana jira, fuskar nan kamar ta limamin coci. Sai Lyall ya ji bakinsa yana cewa, "Da ma cewa zan yi, tayarka ta baya ta sace."

"Tayata. Na gode ƙwarai. Maƙwabci ke nan."

Da zai tafi ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya ɗauki tsumagiya ɗaya ya zura a cikin rigar sanyinsa. Bai yi taku biyar ba ya ji murya a bayansa.

"Ɗan Jamus, wutsiya ta fito maka ta wuya."

"Ta karya ce. Jefa mata zan yi."

"To jefa mu gani."

Ya jefa. Biddy ta bi ta da ido har ta faɗi, sannan ta dubi maigidanta ta yi hamma. Dariyar Carmelo ta raka shi har bakin shinge.

Bai koma gida ba, don ya san abin da ke jiransa a tagar kicin. Ya haura gonar tudu. Ba a datse ta ba bana, Tegan ta ce ba ta ga amfanin aske kan da za a sare ba. Rassan sun yi cirko-cirko, har yanzu da busassun nonnan inabin bazarar da ta wuce maƙale a jiki, baƙaƙe, ko tsuntsu ya ƙi su. A bakin layin farko ya ga an kafa turaku an ɗaura musu jan kyalle, alamar inda katafila za ta shigo.

Ya dafa kututture ɗaya, mai kaurin cinyarsa, ɓawon yana ɓarewa a hannu. Yana ɗan shekara bakwai aka dasa su. A bazarar farko babu ruwa a tudun, ubansa ya riƙa ɗora ganga a keken doki, suna bin layi da bokiti, kowace kuranga rabin bokiti, uban yana cewa kar a sangarta su, a bar su su nemi ruwa da kansu. Sun kuwa nema. An ce saiwarsu ta nutsa ƙasa fiye da tsayin gida. Lyall ya ji baƙin ciki, da kunya a kansa. Ya san sarai ba zafin rana ne zai kashe kurangun nan ranar Litinin ba. Sun sha zafi sun rayu. Kalma huɗu ce ta gagare shi faɗa wa mutumin da suka yi wasan ƙasa tare.

Ya zauna a gindin kurangar ya daɗe, ɗuwawunsa suna shan damshi. Rana ta ɗan leƙo ta koma. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu, ya ga sunan Tegan, ya mayar aljihu.

Wajen ƙarfe biyu ya ji tarakta ta tashi a tsallaken shinge. Sai kuma ƙarar injin niƙa, wani gurnani da ƙaf-ƙaf na karyewar itace. Ya miƙe. Daga tudun yana ganin komai: taraktar ta shiga layin farko, tsumagun suna shigewa ƙarƙashinta suna fitowa gari.

Mutumin da likita ya hana sauri, sai ga shi yana gangarowa da gudu-gudu, hula a hannu, Biddy tana haushi tana ganin wasa ne. Wannan karon bai tsaya neman wajen tsallakawa ba, ya kutsa tsakanin wayoyin, ya bar musu guntun wando. Ya yanka ta cikin layuka ya fito gaban taraktar a layi na uku, ya tsaya cak ya ɗaga hannu biyu.

Carmelo ya taka birki, amma bai kashe inji ba. Ya leƙo. "Ka haukace ne? In mutuwa kake so, ka je gonarka!"

"Ka ba ni iri!"

"Me?"

"Na ce iri!"

Carmelo ya nuna kunnensa ya girgiza kai. Sannan a hankali, ba gaggawa, ya kashe injin, ya cire safar hannu, ya lalubo na'urar jinsa ya murɗa. Wurin ya yi tsit, sai kukan aku daga bishiyoyin turare.

"Yanzu faɗi. Da ƙarfi, ka san na tsufa."

Lyall yana haki. Ya dubi ƙasa, ya dubi maƙwabcinsa. "Carmelo, na zo roƙo. Ka ba ni irin inabinka in yi wa gonar tudu aure. In ba haka ba Litinin za a tumɓuke ta."

"Wane inabin? Ina da iri uku."

"Ka san wanda nake nufi."

"Ban sani ba. Sunaye sun yi masa yawa a kwarin nan."

"Nero," in ji Lyall. Karo na farko ke nan da sunan ya fita daga bakinsa daidai. "Kuma abin da na faɗa a taron nan, ban kyauta ba. Kai ka ga abin da ke tafe, ni ban gani ba."

Carmelo ya dube shi. Ya shirya wa ranar nan maganganu tun shekara goma sha biyar, wasu har ya gwada su a gaban madubi, amma da ya ga tsohon abokinsa tsaye da yagaggen wando, ido ya yi ja, sai duk suka bi iska. Ya sauko daga taraktar yana gunaguni.

"Likitan ƙwaƙwalwar fa? In kira shi, ko ka riga ka biya ta can?"

"Kira shi. Amma ka bari in kwashe waɗannan tukuna." Lyall ya sunkuya ya fara tattara tsumagun da ke ƙasa.

"Ajiye! Kai wane irin manomi ne? Waɗannan kwanansu huɗu a ƙasa, sun sha iska sun sha taɓo. Su za ka ɗora wa kurangun ubanka? Biyo ni."

Ya shiga gaba, Lyall yana bin sa, suka zaga bayan rumfarsa inda ba a gani daga hanya. Layi huɗu ne a nan ba a taɓa su da almakashi ba, rassan tsaye ƙyam, jajaye, lafiyayyu.

"Waɗannan su ne na farko da na dasa, ba su taɓa ciwo ba," in ji Carmelo. "Shekara shida ke nan ina barin su sai ƙarshen Agusta, ko wani mai taurin kai zai shigo. Kowace shekara sai na datse su ni kaɗai cikin ruwan sama, ina zaginka. Bayana ya san sunanka."

Lyall ya matsa kusa. Ya kama reshe ɗaya ya murza idon da babban yatsa, ya juya baya kamar mai duba layin.

"Kar ka yi min kuka a gona, gishiri yana ɓata ƙasa," in ji Carmelo. Ya zaro almakashi na biyu daga aljihun baya, amma bai miƙa ba tukuna. "Bari in gaya maka gaskiya, tunda yau ranar gaskiya ce. Wannan ma ba na har abada ba ne. Janairun da ya wuce, a rana ta huɗu, na ga ganyensa ya fara naɗewa. Ban gaya wa kowa ba. Zai kai mu shekara ashirin, ko talatin in an yi sa'a. Daga nan sai Tegan ta ɗauki ƙafa ta je roƙo ita ma."

"Wajen wa?"

"Oho. Wajen wanda muke yi wa dariya yanzu." Ya nuna da haɓa can tsallaken rafi, inda wani fili ya cika da ƙananan kurangu a ƙasa, babu turke babu waya, an nannaɗe kowace kamar gammo. "Ka ga yarinyar nan da ta baro aikin asibiti a birni ta sayi tsohuwar makiyayar tumaki? Irin wani tsibirin Girka ta dasa. Wai a can ko ruwan sama ba sa gani, raɓa suke sha."

Lyall ya ƙanƙance ido ya duba. Abin ya yi kama da wurin da kaji suka yi sheƙa. Nan take wata zolaya ta faɗo masa, mai kyau, irin wadda za ta zaga kwarin kafin Lahadi ta kuma manne wa gonar har jikoki. Har gefen bakinsa ya fara motsi.

Carmelo yana kallonsa. "Faɗi mana. Na ga tana cin ka."

Lyall ya haɗiye ta da kyar, kamar busasshen burodi. Ya miƙa hannu.

"Ba ni almakashin. Ido nawa ake bari?"